Ban Ruwan Ciyawar Gida Da Kuɗi Kaɗan: Wanne Sifirinkila Ya Kamata Ka Haɗa Da Kanka?

Kafin ka sayi komai, ko da tiyo ne, don Allah ka ɗauki bokiti mai lita 10 ka je bakin famfon da za ka yi ban ruwan da shi, ka buɗe shi gaba ɗaya, ka duba agogon wayarka ka ga daƙiƙa nawa zai ɗauka ya cika. In ya cika a daƙiƙa 30 to kana da lita 20 a minti ɗaya kenan, in sai da ya kai daƙiƙa 40 lita 15 ce, in kuma ya ci minti guda cur to lita 10 gare ka. Wannan ɗan gwajin shi ne zai faɗa maka abin da za ka iya haɗawa da wanda ba za ka iya ba, kuma wallahi yawancin mutanen da na ga sun yi asarar kuɗi a harkar nan a nan suka yi kuskure, sun sayo kaya masu kyau amma ruwan gidansu ba zai iya tuƙa su ba.

Abu na biyu shi ne ƙarfin ruwan, wato furesha, kuma daban yake da yawan ruwa. Akwai ɗan agogon awo da ake ɗaurawa a bakin famfo ya nuna maka, ba shi da tsada. In ruwanka daga babban layi yake zuwa da ƙarfi za ka ga kamar ba 3 zuwa 4 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin furesha), wannan ya ishe ka kusan komai. Amma in daga tanki ruwan yake saukowa to lissafin a fili yake, duk tsayin mita 10 shi ke ba da kusan ba 1, ka ga tankin da ke kan mita 5 rabin ba kawai zai ba ka, kuma rabin ba ba zai ɗaga kan feshin da ake binnewa a ƙasa ba, sai dai ka ga ruwa yana ta tsiyaya a gindinsa. Mai irin wannan ruwan ko dai ya sa ɗan injin da ke ƙara wa ruwa ƙarfi, ko ya zaɓi hanyar da ba ta son furesha, zan zo kanta.

Sai ka san ruwa nawa ciyawar take sha. Abin da aka fi yin aiki da shi shi ne kamar milimita 25 a sati, har da na sama in an yi, lokacin zafi sosai ta fi haka, lokacin sanyi ba ta kai ba. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce daidai, saboda haka fili mai mita 10 tsawo mita 10 faɗi yana neman lita 2,500 a sati. In famfonka lita 15 yake bayarwa a minti, kana bukatar wajen minti 167, kusan awa uku kenan a sati, sai ka raba su gida biyu ko uku. Duk wani sifirinkila, wato abin fesa ruwa, da za ka saya aikinsa kawai ya baza waɗannan litocin daidai wa daida, ba ya ƙara maka ruwa ko ɗigo.

To yanzu mu shiga kayan.

Mafi arha duka shi ne gorar roba da aka huhhuda da ƙusa aka ɗaure a bakin tiyo, ko tsohon tiyo da aka yi wa ƙananan huji aka toshe ƙarshensa. Yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba, in filin ɗan mitsitsi ne kamar mita 3 ko 4. Matsalarsa ruwan ba ya sauka daidai, kusa da gorar ya yi taɓo can gefe kuma ƙasa a bushe, ga shi tana yawan fizgewa daga tiyon. Na ɗan lokaci ne kafin ka samu na kirki.

Daga nan sai waɗanda ake saye a ɗaura a bakin tiyo a ajiye a kan ciyawa, kuma a nan ne mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi ya kamata su tsaya su yi tunani sosai, don iri biyu ne suke gasa da juna.

Na farko shi ne mai lilo, wannan da yake da doguwar sanda mai jerin huji, ruwa ya tashi sama kamar mafici yana zuwa gaba yana dawowa baya. In filinka mai kusurwa huɗu ne, dogo ko murabba'i, babu kamarsa, saboda shi ma a siffar yake zuba ruwa, ba ya barin kusurwoyi a bushe kuma ba ya jiƙa maka bango in ka saita shi da kyau. Ruwansa a hankali yake sauka kamar yayyafi, shi ya sa in sabon iri ka shuka shi ne zaɓi, ba zai kwashe irin ya tara maka shi a gefe guda ba. Inda yake da rauni shi ne iska. Ruwan yana tashi sama sosai, in ana iska rabi ya tafi gidan maƙwabci ko ya bi iska kawai. Kuma a cikinsa akwai ƙananan haƙoran roba da ruwa ke juyawa, in ruwanka yana da yashi ko furesha ta yi ƙasa sai ka ga ya tsaya cak a gefe ɗaya yana ta zuba a wuri guda, ka dawo bayan rabin awa ka tarar da kududdufi. Masu arha sosai ɗin nan ba sa daɗewa in ana barinsu a rana, robar tana bushewa ta tsage.

Na biyu shi ne mai bugu, wanda kake jin yana tak-tak-tak yana zagayawa sannan ya dawo da sauri trrrr. Tsohon ƙira ne, wani manomin lemo a Kalifoniya ta Amurka mai suna Orton Englehart ya ƙirƙiro shi a 1933, kuma a kansa kamfanin Rain Bird ya kafu, har yau ƙirar ba ta canza sosai ba don ba ta da abin lalacewa da yawa, hannu ɗaya ne da sifirin sai nozul, wato inda ruwan ke fita, mai faɗin baki. Wannan faɗin bakin shi ne sirrinsa, ɗan yashi ko datti yana wucewa ba ya toshe shi, ga shi ruwan a ƙasa-ƙasa yake fita da manyan ɗigo, iska ba ta cika kwashe shi ba. Yana kai nesa, da furesha mai kyau mita 10 ko fiye ta kowane ɓangare, kuma akwai wasu ƴan ƙarafa biyu a wuyansa da za ka matsa ka sa shi ya yi rabin zagaye ko kwata kawai. Ni dai in filin yana da girma kuma a buɗe yake, wannan nake zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba, musamman na tagulla ko na ƙarfe, ya ɗan fi na roba tsada amma za ka manta shekarar da ka saye shi. Aibinsa zagaye yake yi, fili kuma ba kasafai yake zama zagaye ba, dole kusurwa ta sha ƙishi ko kuma ka jiƙa hanya. A ƙaramin fili ya yi ƙarfi da yawa, zai dinga dukan taga da bango. Sannan ƙararsa, in kusa da ɗakin kwana yake kuma da asuba kake kunnawa, wani bai damu ba wani kuma ba zai iya barci ba.

Akwai ƙananan masu juyawa da hannu biyu ko uku, da waɗanda ba sa motsi sam sai dai su fesa kamar fure. Waɗannan na ƙananan wurare ne, kuma abin da na yaba musu shi ne suna haƙuri da ƙaramar furesha fiye da manyan. Akwai kuma mai tafiya da kansa kamar ƴar tarakta yana bin tiyon da ka shimfiɗa, yana da kyau ga dogon fili amma kuɗinsa ya fita daga maganar mai neman sauƙi, kuma yana son ƙarfin ruwa.

Duk waɗannan na bakin tiyo ciwonsu ɗaya ne, kai ne injin. Kai za ka ja tiyo, ka kunna, ka tuna ka kashe, ka matsar da shi gaba, ka naɗe. Sati biyun farko da daɗi, daga baya sai gajiya ta shigo, ranar da ka yi tafiya kuma shikenan. Shi ya sa nake cewa in kuɗinka abu biyu kawai zai saya, to ka sayi sifirinkila ɗaya mai kyau da taima. Taima ɗan akwati ne mai batir da ake ɗaurawa tsakanin famfo da tiyo, ka saita masa ƙarfe nawa zai buɗe da minti nawa zai yi, akwai mai baki biyu har huɗu, kowane baki da lokacinsa. Akwai ma wanda ake murɗawa da hannu kamar agogon kicin wanda ba ya cin batir, shi kashewa kawai yake yi, amma ko wannan ya raba ka da mantuwa. Abu ɗaya da masu tanki za su kula, yawancin taimomin nan suna bukatar ɗan ƙarfin ruwa kafin bawul ɗinsu ya buɗe ko ya rufe da kyau, sai ka nemi wanda aka rubuta yana aiki ko babu furesha, irin mai ƙwallo a ciki da ɗan moto ke juyawa.

Kuma ka kula da tiyon kansa, mutane suna raina wannan. Siririn tiyo mai rabin inci in ya yi tsawo kamar mita 30 yana cinye furesha a hanya, sai ka zargi sifirinkila alhali tiyon ne. Mai inci 5/8 ko 3/4 ya fi, kuma kada ya wuce tsawon da kake bukata.

Mataki na gaba, wanda ni a ganina shi ne ya fi dacewa da mutumin da yake son hutu amma bai shirya haƙa ba, shi ne ka kafa kawunan feshi a wuri ɗaya su zauna dindindin, amma bututun a saman ƙasa. Ana sayar da kawunan da ke kan tsinken da ake cakawa a ƙasa, masu baki biyu, ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can ya wuce zuwa na gaba. Sai ka bi gefen fili da baƙin bututun roba mai lanƙwasuwa ɗin nan, ta jikin katanga ko ƙarƙashin furanni inda ido ba zai gani ba kuma injin yankan ciyawa ba zai taka ba, ka caka kai a kowace kusurwa yana fesowa ciki, ka haɗa da taima. Aikin yini ɗaya ne, wuƙa da ƴan kilif kawai, babu gam babu shebur, in wani kai bai zauna daidai ba ka cire ka matsar. Mai haya ma zai iya, ranar tashi ya naɗe kayansa. Wasu suna yin irin wannan da farin fayif na PVC, yana yi, amma rana tana cinsa a hankali har ya yi gautsi ya dinga fashewa, in shi za ka sa a waje sai ka shafa masa fenti. Baƙin shi an yi shi ne da sinadarin da ke jure rana.

A nan ne lissafin bokitin nan yake dawowa, kuma nan na taɓa ƙonewa. Na jera kawuna biyar a layi ɗaya a kan famfon da bai wuce lita 16 a minti ba, da na buɗe sai na farkon ya ɗan yi ƙoƙari, na biyu ya rage, na ƙarshen kuwa ruwa ne kawai yake gangarowa a jikin tsinken. Ba kayan ne ba su da kyau ba. Kan feshi na gama-gari mai cikakken zagaye da ke kai mita 4 da rabi shi kaɗai yana shan wajen lita 14 a minti, mai rabin zagaye wajen 7, ka ga ko masu rabin zagaye ne biyar ɗin sun nemi ninkin abin da nake da shi. Maganin shi ne rabawa shiyya-shiyya, kowace shiyya ta yi aiki ita kaɗai a lokacinta, kuma jimillar abin da kawunan shiyya ɗaya ke sha kada ya wuce kamar kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na abin da bokiti ya nuna maka, don ka bar wa wanda zai buɗe famfo a cikin gida rabonsa. A jikin kwalin kowane kai ana rubuta abin da yake sha, ka tsaya ka karanta. Taima mai baki da yawa ya warware min matsalar gaba ɗaya.

Sai babban, wato wanda ake binnewa, kawunan su ɓullo daga ƙasa in ruwa ya zo su koma in an kashe. Shi ne ya fi kyan gani, babu tiyo a fili babu abin tuntuɓe, kuma mutum zai iya yinsa da kansa, kuɗin aikin da za ka biya wani shi ne kaso mai tsoka, in ka yi haƙar da hannunka ka rage da yawa. Amma kada wani ya ce maka wasa ne. Za ka haƙa rami zurfin kamar santimita 20 zuwa 30 duk inda bututu zai bi, ka yanke ciyawar sama a hankali ka ajiye gefe don ka mayar, kuma kafin diga ta taɓa ƙasa lallai ka tabbatar ina wayar wuta da bututun ruwa da na gas suka bi. In da ruwan sha layin yake haɗe kana bukatar bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya, saboda kawunan a cikin ƙasa suke zaune, in furesha ta faɗi kwatsam suna iya zuƙo ruwan taɓo da taki su mayar cikin ruwan da iyali ke sha, wurare da yawa ma doka ce ta wajabta shi, wannan ba wurin tsimi ba ne. Wanda kuma yake ƙasar da ruwa ke daskarewa dole ya zubar da ruwan cikin bututun kafin sanyi ya shigo, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa su.

A cikin na binnewar ma akwai zaɓi uku. Mai feshi tsaye, wanda ke kai mita 2 zuwa 4 da rabi, yana son kamar ba 2, arha ne amma yana zuba ruwa da sauri, wajen milimita 40 a awa. Sai rota mai zare ɗaya da ke juyawa a hankali, na manyan filaye, mita 8 zuwa 15, yana son kamar ba 3. Sai na tsakiya, nozul mai zaruruwa da yawa da ke juyawa, irin MP Rotator na kamfanin Hunter, sauran kamfanoni ma suna da nasu. Wannan na ukun kowane ɗaya ya fi mai feshi tsaye tsada, amma yana zuba kamar milimita 10 kawai a awa kuma ba ya shan ko rabin ruwan da wancan ke sha a minti, ma'ana kawuna da yawa za su hau shiyya ɗaya, bawul kaɗan, bututu kaɗan. Ga mai ƙaramin famfo sau da yawa shi ne yake fitowa da arha in an haɗa lissafi duka. Kada dai ka haɗa iri biyu a shiyya ɗaya, ɗaya zai nutsar da wurinsa kafin ɗayan ya jiƙa nasa. Kuma tazarar da ke tsakanin kawuna, ƙa'idar ita ce ruwan wannan ya kai gindin wancan, in kai yana kai mita 4 to na gaba ya zauna a mita 4. Mutane suna buɗa tazarar don su rage kai ɗaya ko biyu, bayan wata guda sai ka ga fili ya yi dabbare-dabbare, kore nan ruwan ƙasa can.

Maganar ɗigo-ɗigo da tiyo mai gumi, wanda ruwa ke tsattsafowa ta duk jikinsa, kuma, ana yawan cusa su cikin wannan hirar, gaskiya su ne suka fi kowa tsimin ruwa don kai tsaye suke kai shi gindin shuka, kowane ɗan kai yana ɗigar da lita 2 ko 4 ko 8 a awa. Ga furanni da bishiyoyi da shingen gefen fili babu na biyunsu, kuma su ne abokan mai tanki tunda ba sa neman furesha mai yawa, sai dai lallai ka sa filta don hujinsu ƙanana ne. Amma ga shimfiɗaɗɗiyar ciyawa ba su dace ba, layi-layi za su jiƙa, sai ka jera su kusa-kusa ko ka binne, kuɗin da wahalar sun wuce amfanin. In ciyawar siririya ce doguwa kamar ta gefen hanyar mota, faɗin mita 1, to tiyo mai huji a sama ko mai gumin zai wadatar.

Irin ƙasarka ma tana da ta cewa. Ƙasa mai laka a hankali take shan ruwa, in ka sa mata mai zuba da sauri minti goma ruwa ya fara gudu ya bi hanya, musamman in wurin gangare ne, sai ka raba lokacin, minti 10 a kashe a jira rabin awa a sake. Mai yashi kuma tana shanyewa nan take ta bushe da wuri, ita tana son kaɗan-kaɗan amma a kai a kai.

To wa zai ɗauki me? In filinka bai kai murabba'in mita 100 ba kuma mai kusurwa huɗu ne, mai lilo da taima, ka gama. In babba ne a buɗe, ko ana iska, ko ruwanka ba shi da tsabta sosai, mai bugu na ƙarfe. In ka gaji da jan tiyo ko filin yana da lungu-lungu, baƙin bututu a gefe da kawuna a kan tsinke, shiyya biyu. Na binnewa sai in gidan naka ne, za ka daɗe a ciki, kuma furesha ta kai. Ko a nan ɗin ma shawarata ka fara shimfiɗa komai a saman ƙasa ka yi wata guda kana kallon inda ruwa ke kai da inda ba ya kai, in ka gamsu sai ka binne shiyya ɗaya, wata shekarar ka ƙara ɗaya, bututun da taimar duk ba asara ba ne tunda su ɗin za ka ci gaba da amfani da su.

Ko wanne ka haɗa, ranar farko ka samu gwangwanaye biyar ko shida masu miƙaƙƙen jiki iri ɗaya, ka warwatsa su a filin, wani kusa da kan wani can nesa, ka kunna minti 15 ka kashe, ka sa rula ka auna ruwan kowanne. In matsakaicinsu milimita 3 ne to milimita 12 kake samu a awa, kana bukatar kamar awa biyu a sati. In wani gwangwanin ya ninka wani, kan ne yake son matsarwa ko juyawa. Lokacin kunnawa kuma da sassafe, kafin rana ta ɗaga, iska a kwance take ruwa ba ya tashi a banza, kuma ganyen zai bushe da hantsi, na dare yana barin ciyawa a jiƙe har gari ya waye, nan ne cutar fumfuna ke samun shiga. Bayan awa ɗaya da kashewa ka caka sukudireba a ƙasa, in ta shige kamar santimita 15 ba gardama ruwan ya kai saiwa, in ta tsaya a sama ka ƙara wa taimar minti biyar ka sake gwadawa a ban ruwa na gaba.